Ƙullin Shehu a Baƙar Waya

Duk wanda ya zauna a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni bai san Shehu Mai Waya ba, to baƙo ne, jiya mota ta sauke shi. Sau bakwai wutar lantarki ta kama shi, sau bakwai ta sake shi. Ta farko ta jefo shi daga kan tsani a Bompai yana saurayi. Ta uku ce ta cinye masa kan babban yatsan hagu. A ta biyar har an rufa masa zane an tafi kiran liman, sai ya yi atishawa ya tashi zaune yana tambayar wanda ya ɗauke masa filaya. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa sai dai ya dangwala, amma gidajen da ya ja wa waya daga titin Gidan Zoo har Babban Giji, in ka fara ƙirgawa da hantsi sai azahar ta same ka a hanya.

Abin da ya fi taƙama da shi kuwa ba tabon jikinsa ba ne. Shekara arba'in da ɗoriya yana wannan aiki, ba a taɓa fitar da gawa daga gidan da ya sa wa wuta ba saboda wutar. Wannan yakan faɗe shi a majalisa, ya faɗe shi a wurin ɗaurin aure, har a zaman makoki in ya ga fuska. Yakan ƙara da cewa Turawa ne suka koya masa, aikinsa aikin littafi ne. Gaskiyar maganar, tsani yake riƙe wa Turawan. Sauran duk da ido da bayan yatsa ya koye shi.

A makon da soja suka miƙa mulki ga farar hula, rediyon kowane mai shayi ba ta da zance sai na rantsuwa da sababbin gwamnoni, Hajiya Uwani ta aika a kira shi Unguwar Gano. Matar amininsa ce, marigayi Alhaji Sulaiman. Tana da rijiya a tsakar gida, da injin jan ruwa a gefenta, da tanki a kan dogayen ƙarafa, kuma rabin layin a gidanta suke ɗiba. Matsalarta ɗaya ce. Sai an tsaya a kan injin. In aka kawo wuta ba ta nan, tanki ya wuni a bushe. In ta kunna ta shagala, ruwa ya yi ambaliya har ɗakunan 'yan haya. Sau biyu injin yana ƙonewa.

Rabi'u, direban bas da ke haya a ɗakin zaure, shi ya ba ta labarin wata mai gyara a Gyaɗi-Gyaɗi, Titilayo, Bayarbiya haifaffiyar Kano, wadda ta yi makarantar koyon sana'a ta fito da takarda. Ya ce tana harhaɗa wani akwati da ke kunna inji ya kashe shi da kansa. Hajiya ta ce a kawo ta, amma Malam Shehu ya zo ya tsaya, tunda shi ya san hanjin bangon gidan nan.

Shehu ya zo, amma ba taimako ya kawo shi ba. Ya zo ne ya ga yadda mace za ta ji kunya a gaban waya.

Ya same ta tana sauke jaka daga bayan acaɓa, mace siririya mai kamar shekara talatin, da rigar aiki shuɗiya a kan zaninta. Ta rusuna ta gaishe shi da Hausar da ta fi ta wasu 'yan birni, ta ce ta daɗe tana jin sunan Baba. Ya ce ai dole ta ji. Babu wuta a unguwar tun asuba, amma abin da ta fara yi shi ne ta nufi wurin mita, ta zare fiyus ɗin gidan gaba ɗaya, ta jefa a aljihunta ta ja zif.

Shehu ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ya ce da Rabi'u ya zo ya ga mai tsoron wutar da babu ita. Shi da yake haɗa waya da wuta a jikinta yana cin goro.

"Baba, ba ta sallama in za ta dawo," in ji Titilayo. "In yana aljihuna na san babu mai taimakona ya mayar da shi."

Ta cire tsohon makunnin injin, irin mai hannun nan da ake dannawa ƙasa ya yanke wayoyi biyun gaba ɗaya. A gurbinsa ta kafa akwatin ƙarfe mai launin toka, sama da inda ruwa zai iya fantsamawa. Da ta buɗe shi Shehu ya matso ba tare da ya yi niyya ba. Wayoyin ciki a jere suke kamar kitso, kowacce da hanyarta, babu wadda ta hau kan 'yar'uwarta. Akwai ƙaramar taransifoma kamar sabulun wanka. Kusa da ita akwai wani abu a cikin roba mai haske, girmansa bai wuce kwalin ashana ba, ana hango siririn harshen tagulla a ciki. Ta ce sunansa rile.

Shehu ya ce shi ma ya san dabarar. A kai waya cikin tanki, a ɗaura mata ƙwallon roba, ruwa ya sauka ta haɗe, ya cika ta rabu. Ya taɓa tunanin yi wa Hajiya haka. Titilayo ta ce ƙwallon dai tana nan, ga ta ma ta zo da ita, amma babbar wuta ba za ta je kusa da ruwan da mutane ke sha ba. Taransifomar za ta rage ta ta koma 'yar mitsitsiya, daga ɗari biyu da talatin zuwa sha biyu, ita ce za ta hau tanki. In ƙwallo ta sauka, 'yar ƙaramar ta dawo ta gaya wa rile, rile ya ja harshensa ya buɗe wa babbar hanya zuwa inji. Babbar ba ta taɓa ƙaramar, ƙaramar ba ta taɓa babbar.

Rabi'u ya ce ashe ita ma wuta ta koma mulkin farar hula, wanda ba shi da bindiga ya ce wa mai bindiga tsaya, ya tsaya. Hajiya ta ce Allah ya sa ta ɗore a can da nan.

Titilayo ta sa Rabi'u ya buga doguwar sandar ƙarfe a ƙasa gefen rijiya har ta nutse, ta zuba gawayi da gishiri, ta ɗaura koriyar waya daga sandar zuwa jikin akwati da jikin inji. Ta duba inda wayoyi ke shiga injin ta ga murfin ya fashe, an naɗe wurin da leda an ɗaure da tsumma. Ta girgiza kai ta ce gobe za ta kawo sabon murfi.

Daga nan ta jawo wayoyi biyun da suka fito daga bango, ja da baƙa, tsofaffi masu kauri. A baƙar akwai ƙulli, ɗan ƙaramin ƙulli da ya bushe ya ƙame. Ta ce wannan kuma na mene ne. Ba ta jira amsa ba ta datse shi da filaya don ta samu sabuwar tagulla, guntun ya faɗi a siminti. Ta bayyana cewa rile waya ɗaya tak yake yankewa, don haka dole ya zama mai wutar ce ta bi ta cikinsa, ɗayar ta wuce kai tsaye. In aka juya su inji zai yi aiki lafiya lau, ya tsaya lafiya lau, amma ko yana tsaye wuta na kwance a cikinsa. Ta ce jar ce mai wuta a ƙa'ida, amma in an kawo wuta za ta sa testa, sukudireban nan mai nuna wuta, ta tabbatar kafin ta rufe.

Nan ne Shehu ya tashi tsaye. Ya ce aikinsa za a gwada? Wayar da ya ja da hannunsa tun tana 'yar firamare? Ya ce ja ja ce, baƙa baƙa ce, haka Turawa suka koya masa, kuma bai taɓa saɓawa ba. Ya ambaci sau bakwai ɗin. Ya ɗaga guntun yatsan. Hajiya Uwani ta dubi Titilayo da gefen ido, irin kallon da ake yi wa yarinya in za ta kunyata babba a gaban mutane. Titilayo ta riƙe testar a hannu jim kaɗan, sannan ta mayar da ita jaka.

"Allah ya ba ka haƙuri, Baba. Maganarka ta isa."

Ta saka jar a rile, ta wuce da baƙar, ta ɗaure kowace kusa ta ja wayar ta ji ba ta motsi.

Sai da bakin Shehu ya huce sannan idonsa ya sauka kan guntun da ke ƙasa. Ya taka shi. Da hankalin mutane ya koma kan tanki ya sunkuya kamar mai gyara takalmi ya jefa shi aljihu.

Ya san ƙullin nan. Duk gidan da ya yi wa aiki akwai shi. Shi bai taɓa aiki da launi ba, launi na masu karatu ne. Guntayen waya yake saye a kasuwa, wadda ta zo hannu ita yake ja, in ya gama ya goga bayan yatsa, wadda ta cije shi ya ƙulla ta. Kuma ya tuna ranar wannan ƙullin. Shekara ashirin da suka wuce ne, ranar da soja suka fara miƙa mulki. Alhaji Sulaiman ya sayo talabijin, ya gayyaci layin duka su zo kallo a tsakar gida, ya tsaya a gindin tsani yana cewa Shehu yi sauri za a fara. Shehu ya haɗa a bayan allon mita yadda hannunsa ya faɗa, ya sauko, ya goga yatsa. Baƙar ce ta cije shi. Ya ƙulla ta, aka kunna talabijin, aka yi tafi. Wannan wayar ce daga baya aka mayar wa injin ruwa.

Bayan an sauko daga azahar sai rediyon maƙwabta ta ɓarke da magana, yara a lungu suka ɗauki ihun an kawo wuta. Titilayo ta sa kowa ya ja baya, ta rufe akwati rabi, ta je ta mayar da fiyus.

Babu wanda ke kusa da injin. Babu hannu a kan komai. Wata 'yar fitila koriya ta kama, harshen tagullar nan ya motsa, aka ji ƙas, kamar an karya tsinken ashana. Injin ya yi gurnani ya ɗauka, bututu ya girgiza, aka ji ruwa yana zuba a cikin tanki can sama.

Shehu ya ƙura wa harshen tagullar ido. Shi fa ya san wannan wutar, ba labarinta aka ba shi ba. Ya san nauyinta a ƙirji, ya san yadda take murɗe hannu ta hana shi buɗewa, ya san ɗanɗanon ƙarfe da take bari a baki kwana uku. A gabansa ta riƙe Sani Dogo, wanda suka fara aiki tare, ƙato mai ɗaukar buhu biyu, ba ta sake shi ba sai da ta gama da shi. Yau ga ta an sa ta a kwalin ashana, ana ce mata tafi ta tafi. Titilayo ta ga yadda ya tsaya, ta miƙo masa bakin siririyar wayar da ke hawa tanki ta ce ya taɓa. Ya goga bayan yatsa kamar yadda ya saba, bai ji komai ba. Ya jiƙa yatsan da yawu, bai ji komai ba. Sai da ya ɗora a harshe ya ji ɗan tsami kamar tsamiya. Wannan abin, da ba zai firgita ƙuda ba, shi ke juya abin da ya kashe Sani Dogo. Ya yi tasbihi a hankali. Rabi'u ya ce yau ga rana, Baba Shehu ya yi shiru ba a sallah ba.

Hajiya ta shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya ta kawo kunun zaƙi, aka zauna jiran tanki ya cika. Mata suka fara leƙowa daga zaure. Shehu ya riƙe kofi, ɗaya hannun yana aljihu yana juya guntun wayar.

Ya ce wa kansa shekara ashirin baƙar nan tana ɗauke da wuta ba ta kashe kowa ba. Sai kuma ya hango tsohon makunnin yashe a gefen bango. Shi ne ke yanke biyun tare, shi ya rufa masa asiri duk shekarun nan bai sani ba. Yanzu an cire shi. Ya ce to gobe zai zo da sassafe ya juya wayoyin babu wanda ya gani. Amma akwatin na da makulli, kuma ko an buɗe masa bai san inda zai sa hannu a wannan kitson ba. Ya ce zai ja yarinyar gefe in za ta tafi. Wannan ya fi, in za ta tafi, a zaure, su biyu.

Ƙas. Fitilar ta mutu, injin ya yi shiru. Ko ɗigo ɗaya bai zubo daga tanki ba. Matan zaure suka ɗauki salati, wata tsohuwa ta ce a dai bincika ko akwai aljani a akwatin. Titilayo tana dariya tana gaya wa Hajiya cewa daga yau fitilar ce alamarta, in tana kunne kada a kusanci inji, in ta mutu to ya mutu.

Hajiya Uwani mace ce mai tsabta har ta yi yawa. Tun Alhaji na da rai, duk sanda aka kashe inji sai ta wanke shi, ta ce abin da ke ba mutane ruwan alwala ba ya zama da datti. Yau kuma ga ƙurar bugun bango da gawayi sun rufe shi. Ta tuɓe silifas a bakin tabarma, ta cika bokiti da sabon ruwan, ta tsoma tsumma, ta nufi injin ƙafa ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti. Ledar da ke naɗe a bakin wayoyin tana kaɗawa a iska.

Jiran a keɓe a zaure ya yi wa Shehu nisa. Taku huɗu ya rage mata ta kai injin.

"Uwani, ajiye bokitin nan."

Tun da aka kawo ta gidan amarya Shehu bai taɓa kiran sunanta haka tsirara ba. Ta tsaya cak, ruwa na ɗiga daga tsumman.

Shehu ya miƙe. Ya ce da Titilayo ta ɗauko abin gwajin nan nata. Ta ce Baba ai an wuce wannan. Ya ce ta ɗauko. Ta ɗauko, ta ɗage ledar da bakin filaya, ta ɗora testar a kan kusar wayar injin da ke tsaye shiru, ta sa yatsa a gindinta.

Cikin testar ya yi ja wur, kamar idon garwashi.

Injin na nan kwance kamar dutse, fitilar akwati a mace, ga wuta cike da cikinsa tana jira. Hajiya ta dubi ƙafafunta, ta dubi bokitin, ta ja da baya a hankali har ta zauna a bakin rijiya. Titilayo ta sauke testar. Ta ce laifinta ne, malaminsu ya sha gaya musu ko ubanka ne ya ja waya ka gwada.

Shehu ya fito da guntun daga aljihu ya ɗora a tafin hannu kowa ya gani.

"Ba laifinki ba ne, 'yar nan. Ni ban san ja ba, ban san baƙa ba. Wadda ta cije ni nake ƙullawa. Turawan ma tsani na riƙe musu."

Rabi'u ya duba fuskar tsohon, ya kau da kai.

Titilayo ta je ta zare fiyus. Wannan karon ba ta sa a aljihunta ba, ta miƙa wa Shehu da hannu biyu ta ce ya riƙe mata. Ya karɓa ya damƙe kamar an ba shi amanar jariri. Ta sake ɗora testa ta ga babu komai, sannan ta kwance wayoyin, ta kai baƙar cikin rile, ta wuce da jar. Kafin ta ɗaure ya roƙe ta abu ɗaya, ta bar shi ya mayar da ƙullinsa. Ta ce ƙulli na wahalar da waya mai ɗaukar nauyi, amma ga salatif ja. Ya naɗa shi da kansa a jikin baƙar, zagaye bakwai. A jar ta naɗa baƙi. Ledar nan ta yar da ita, ta naɗe bakin wayoyin injin sosai, ta kife tsohuwar roba a kai, ta ce kada ruwa ya je wurin sai murfi ya zo.

Shehu ne ya mayar da fiyus. Aka buɗe famfo mata suka ɗiba har ƙwallo ta sauka, rile ya ce ƙas, inji ya ɗauka. Da ya cika ya tsaya, ta ba Shehu testar. Bai taɓa riƙe irinta don aiki ba, yakan ce ta matsorata ce. Ya ɗora inda ta nuna masa. Duhu. Ya ɗaga ya sake ɗorawa. Duhu. Ya daɗe yana kallonta.

Hajiya Uwani ta miƙe daga bakin rijiya. Ta shiga ɗaki ta fito da goro fari manya guda biyu, irin wanda take ajiye wa Alhaji, ta sa wa Shehu a hannu ta koma.

La'asar ta yi, Titilayo ta haɗa jakarta. A zaure Shehu ya tare ta ya tambaye ta gidaje nawa ta kafa wa irin wannan akwatin. Ta ce huɗu, duk a nan kusa, kuma duk ta gwada. Ya ce to za ta kafa wasu, ita da masu irin takardarta, kuma duk inda suka je a Tarauni wayarsa za su tarar a bango. Ya fara lissafa mata da ka: gidan mai kanti a bakin titi, jar ce da ƙulli. Gidan kusa da masallaci, biyun duk baƙaƙe ne, ta hagun ce. Gidan Obiechina mai gyaran fanka, koriya ce ma, don ita ta rage masa ran nan. Ta ciro biro tana rubutawa a bayan kwalin rile, kwalin ya cika bai kai rabi ba. Ta tsaya tana kallonsa baki buɗe, ta ce Baba duk wannan a kanka yake? Ya ce wannan ai na layi biyu ne kawai, ta zo da babban littafi ranar Asabar, ta kuma sayo masa salatif ja da yawa, da testa irin tata.

Bayan ta hau acaɓa bai tafi gida ba. Ya koma tsakar gidan, ya jawo turmi ya kife a gaban akwatin, ya roƙi Hajiya ta bar murfin a buɗe kaɗan. Ya ce da Rabi'u ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba a baho. Ya zauna da goro a kunci, hannuwansa biyu a kan gwiwa nesa da komai, idonsa a kan harshen tagullar, yana jira ya sake motsawa.